Yadda ake sarrafa katafaren matiris mai yawan sifili a Octave ba tare da kwamfuta ta cije ba

Birnin Zinder a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan famfon da ake sha a Birni da Zango da Sabon Gari daga nesa ake janyo shi, daga rijiyoyin burtsatse na Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ɗalibin da ke nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar André Salifou, idan ya so ya lissafa yadda matakin ruwa zai sauka a irin waɗannan filaye yayin da ake zuƙarsa, yakan raba filin zuwa ƙananan murabba'ai, a ce 1,000 a tsawo da 1,000 a faɗi. Wannan ya ba shi murabba'i miliyan ɗaya, kuma kowanne yana da lambar da ba a sani ba, wato matakin ruwan da ke ƙarƙashinsa. Lissafin da ya haɗa su duka matiris ne, wato tebur na lambobi, mai sahu miliyan ɗaya a kwance da ginshiƙi miliyan ɗaya a tsaye. Abin da zai biyo baya bayani ne na yadda ake tafiyar da irin wannan matiris da manhajar lissafi ta Octave a kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, na gigabayit 8, kuma dabarun ba su keɓanta ga ruwa ba, domin su ne ake amfani da su a lissafin layukan wutar lantarki da hanyoyin mota da alaƙar masu kiran waya.

Mataki na farko: a ƙirga kafin a taɓa kwamfuta

Sahu miliyan ɗaya sau ginshiƙi miliyan ɗaya gurbi tiriliyan ɗaya ke nan. Kowace lamba mai ɗigo tana cin bayit 8, saboda haka cikakken matiris ɗin zai buƙaci terabayit 8, wato ninki dubu na abin da kwamfutar take da shi. Amma ruwan da ke ƙarƙashin murabba'i ɗaya da maƙwabtansa huɗu kaɗai yake hulɗa, na gabas da yamma da kudu da arewa, don haka a kowane sahu gurbi biyar ne kawai ke ɗauke da lamba, saura duk sifili ne. Idan an cire waɗanda suka faɗa bakin iyaka, lambobin da ba sifili ba su ne 4,996,000 daidai. Ajiye su da adireshinsu bai kai megabayit 90 ba. Wannan tazarar, tsakanin terabayit 8 da megabayit 90, ita ce dukan maganar, kuma aikin mai lissafi daga farko har ƙarshe shi ne ya hana matiris ɗin komawa cikakke ko da sau ɗaya ne, ko da na daƙiƙa ɗaya ne.

Ƙirgar tana kuma nuna inda wannan hanya ba ta da amfani. Kowace lamba a ajiyar masu yawan sifili tana cin kusan bayit 16, rabi nata, rabi na adireshinta. Idan rabin gurabe suna ɗauke da lamba, ba a rage komai ba, kuma tun kafin a kai rabin saurin lissafi ya riga ya faɗi ƙasa da na cikakken matiris. Wanda matiris ɗinsa yake 2,000 sau 2,000 ya bar shi cikakke, megabayit 32 ne kacal.

Mataki na biyu: a zaɓi harshe, a san yadda yake ajiya

Harsunan da ke ɗaukar jerin lambobi gaba ɗaya a matsayin abu guda sun samo asali daga APL, wanda Kenneth Iverson ya tsara a shekarun 1960. Daga baya shi da Roger Hui suka fito da J a 1990, kuma J yana da alamar `$.` don irin wannan ajiya. MATLAB ya samu matiris mai yawan sifili a 1992 ta hannun John Gilbert da Cleve Moler da Rob Schreiber. Akwai Scilab da aka faro a cibiyar INRIA ta Faransa, akwai Julia, akwai R da kunshin Matrix, akwai kuma Python da `scipy.sparse`. Na zaɓi GNU Octave ne saboda kyauta ne, ba ya neman lasisi ko intanet bayan an girka shi, kuma kusan duk umarnin da za a gani a nan yana aiki a MATLAB ba tare da an canja harafi ba.

Ɗan kasuwa a Kasuwar Dole ba ya buɗe wa kowane mazaunin Damagaram shafi a littafin bashinsa ya rubuta sifili a gaban sunansa. Wanda ya ci bashi kaɗai yake rubutawa, da adadin, kuma duk sunan da babu a littafin an san ba a binsa komai. Haka Octave yake yi, sai dai yana jera abin da ya rubuta ginshiƙi bayan ginshiƙi, a tsarin da ake kira CSC. A dubi wannan ƙaramin misali:

```
5 0 0 1
0 0 3 0
0 7 0 0
2 0 0 4
```

Jeri uku ne ke wakiltarsa. Na farko lambobin ne, an bi su daga sama zuwa ƙasa a kowane ginshiƙi: 5, 2, 7, 3, 1, 4. Na biyu sahun da kowace take: 1, 4, 3, 2, 1, 4. Na uku yana faɗin inda kowane ginshiƙi ya fara a cikin jerin farko: 1, 3, 4, 5, 7, inda 7 ɗin ƙarshe ke nuna an gama. Daga wannan tsari abubuwa uku suke fitowa waɗanda za su bi mai aiki har ƙarshe. Ciro ginshiƙi guda da `A(:,j)` abu ne mai sauri, domin lambobinsa a jere suke, alhali ciro sahu guda da `A(i,:)` sai an leƙa kowane ginshiƙi. Wanda zai yi ta ciro sahu-sahu ya juya matiris ɗin sau ɗaya da `B = A.'` ya riƙa ciro ginshiƙan B. Abu na biyu, cusa sabuwar lamba a tsakiya yana nufin a matsar da duk waɗanda ke bayanta. Na uku kuma, wanda ba kasafai ake lura da shi ba, jerin nan na uku yana da tsawon adadin ginshiƙai da ƙari ɗaya, ko akwai lamba a cikinsu ko babu.

Wannan na uku ya cancanci a tsaya a kansa. Lambar waya a Nijar alƙaluma takwas ne. Wanda ke nazarin wa ya kira wa, idan ya ɗauki lambar wayar kanta a matsayin lambar ginshiƙi, ya nemi matiris mai ginshiƙi kusan miliyan 100, kuma jerin farkon ginshiƙai shi kaɗai zai ci kusan megabayit 800 tun kafin a ajiye kira ko ɗaya. Maganinsa shi ne a sake ba masu wayar lambobi a jere daga 1 zuwa adadinsu. Umarnin `[u, ~, k] = unique(lambobi);` yana yin haka, inda `k` ke ɗauke da sababbin lambobin, `u` kuma ke ba da damar komawa ga na asali.

Mataki na uku: a gina shi sau ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta `A = zeros(N, N);`, inda N yake adadin sahu, da niyyar a cika sannan a mayar da `sparse(A)`. Layin farko kaɗai ya isa ya ƙare zancen. Na biyu a yawa shi ne a fara da `A = sparse(N, N);` sannan a shiga zagayen `for` ana rubuta `A(i,j) = v` ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya cika ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma saboda matsarwar da aka ambata, aikin da ya kamata ya ƙare a cikin daƙiƙoƙi yakan ci sa'o'i, kuma tanadin wuri da `spalloc` yana rage ciwon ne kawai, ba ya warkar da shi.

Hanyar da ta dace ita ce a tara jeri uku masu tsawo ɗaya, na sahu da na ginshiƙi da na lamba, sannan a miƙa su gaba ɗaya:

```
A = sparse(i, j, v, N, N);
clear i j v
```

Idan gurbi ɗaya ya zo sau biyu ko fiye a cikin jerin, Octave yana tara lambobin ne, ba ya ɗaukar ta ƙarshe ya watsar da ta farko. Wannan alheri ne ga mai ƙirga kira ko mai haɗa gudummawar kowane murabba'i, amma tarko ne ga wanda fayil ɗinsa ya maimaita layuka bisa kuskure, domin ba za a gargaɗe shi ba. A kuma tuna cewa ƙirga a Octave daga 1 take farawa, don haka bayanan da suka fito daga Python ko C sai an ƙara musu ɗaya. A rubuta girman `N, N` a fili ko da yaushe, in ba haka ba Octave zai tsaya a kan lamba mafi girma da ya gani, kuma idan ginshiƙan ƙarshe fanko ne matiris ɗin zai fito gajere. Jerin ukun suna cin bayit 24 a kan kowace lamba, sun fi matiris ɗin kansa nauyi, shi ya sa ake share su nan take. Idan fayil ɗin ya fi ƙarfin a karanta shi a lokaci guda, sai a karanta shi gunduwa-gunduwa manya, a gina kowace da `sparse`, a riƙa tarawa.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Kwamfutocin da aka saita da Faransanci suna fitar da fayil ɗin CSV da waƙafi a madadin ɗigo, wato 3,75 maimakon 3.75, suna kuma raba ginshiƙai da alamar `;`. Octave ɗigo ya sani. A buɗe layuka goma na farko a duba da ido kafin a karanta, sannan a kwatanta lamba biyu ko uku bayan an karanta.

Ga filin ruwa mai tsari irin namu ba a ma buƙatar jeri uku, domin layuka huɗu sun wadatar:

```
n = 1000; e = ones(n,1);
T = spdiags([-e 2*e -e], -1:1, n, n);
I = speye(n);
A = kron(I,T) + kron(T,I);
```

A kula da alamar `;` a ƙarshen kowane layi. Wanda ya manta da ita a layin ƙarshe zai zauna yana kallon layi kusan miliyan biyar suna wucewa a allo. Bayan an gina, `nnz(A)` ya kamata ya ba da 4996000, `issparse(A)` ya ba da 1, `whos A` kuma ya nuna nauyinsa. Umarnin `spy` yana zana inda lambobin suke, amma a kan ɓangare ake kiransa, kamar `spy(A(1:3000,1:3000))`.

Mataki na huɗu: a san ayyukan da ke kashe sifili

Ka'idar ɗaya ce, kuma mutum zai iya gwada ta a kansa kafin ya danna komai: idan aka yi wa sifili wannan aikin, sifili zai fito ko wani abu daban? Ninkawa da 3 ba ta da haɗari, haka `abs` da `sqrt` da `sin`. Amma `A + 1` yana mayar da kowane sifili 1, `cos(A)` da `exp(A)` su ma haka, kuma a matiris ɗinmu sakamakon gurbi tiriliyan ne. Idan abin da ake so shi ne a yi aikin a kan lambobin da ke ajiye kaɗai, sai a rubuta `spfun(@exp, A)`. Tambayar `A == 0` amsarta gaskiya ce a kusan ko'ina, don haka a juya ta zuwa `A ~= 0`, ko a yi amfani da `[i, j, v] = find(A)` a dawo da jeri ukun a yi aiki a kansu.

Masu ƙididdiga sukan faɗa wani ramin daban, wato cire matsakaici daga kowane ginshiƙi. Da zarar an cire, sifili ya ƙare. Amma galibi ba matiris ɗin da aka cire wa matsakaici ake buƙata ba, ninkinsa da wani jeri `x` ake buƙata, kuma wannan ana samunsa da `A*x - m*x`, inda `m` yake sahun matsakaitan. Lambar `m*x` guda ɗaya ce, ana cire ta daga kowane gurbi na jerin `A*x`, kuma A bai canja ba. Haka nan `A'*A` yana buƙatar a duba tukuna, domin sahu ɗaya tak da ya cika a cikin A ya isa ya cika sakamakon baki ɗaya. Su kuwa jerin lambobi na gefe, irin su `x` da kuma `b` da za a gani a mataki na gaba, a bar su cikakku, miliyan ɗaya megabayit 8 ne kawai.

Mataki na biyar: warware lissafin

A nan ne aka fi yin asara. A aji ana koyar da cewa idan A sau x ya ba da b, to x shi ne `inv(A)*b`. A takarda gaskiya ne, a kwamfuta kuwa halaka ne, domin abin da `inv` ke bayarwa daga matiris mai yawan sifili kusan ko da yaushe cikakke ne, kuma a misalinmu babu sifili ko ɗaya a cikinsa. Abin da ake rubutawa shi ne `x = A \ b;`. Octave zai duba siffar A ya zaɓi hanya, kuma a bayan fage yana kiran ɗakunan karatu na SuiteSparse, aikin Tim Davis da abokan aikinsa, wato CHOLMOD ga matiris irin namu wanda gurbin (i,j) ya yi daidai da (j,i) kuma hanyar Cholesky, wadda ke raba matiris zuwa ɓangarori biyu masu sauƙin warwarewa, ta karɓe shi, da UMFPACK ga sauran.

Ko wannan hanyar tana da nata haɗarin, wanda shi ne cikowa. Yayin da ake kawar da lambobin da ba a sani ba ɗaya bayan ɗaya, gurabe da suke sifili suna samun lamba, kuma yawan cikowar ya dogara ne ga tsarin da aka jera su. A ɗauki tankin ruwa ɗaya da ke haɗe da famfo dubu, waɗanda ba su haɗu da juna ba. Idan aka ba tankin lamba ta 1 aka fara kawar da shi, kowane famfo ya zama yana da alaƙa da kowane famfo, matiris ɗin ya cika tam. Idan aka ba shi lamba ta ƙarshe, babu gurbi ko ɗaya da zai ciko. Lissafi ɗaya ne, amsa ɗaya ce, jerin suna kawai aka canja. A filinmu na 1,000 sau 1,000, idan aka bar jerin yadda `kron` ya fitar da shi, ɓangaren Cholesky zai ɗauki lambobi kusan biliyan ɗaya, kimanin gigabayit 16. Idan aka sake jeri da `amd`, adadin yana sauka ƙasa da miliyan 100, wanda kwamfutar za ta iya ɗauka.

Alamar `\` tana sake jerin da kanta. Wanda ya kira `chol(A)` kai tsaye da amsa ɗaya kuwa ba a sake masa komai, kuma nan ne mutane da yawa suke mamakin yadda kwamfuta ta cije. Ana iya sanin nauyin tun kafin a ɗauka:

```
p = amd(A);
sum(symbfact(A(p,p)))
```

Wannan yana ƙirga lambobin da ɓangaren zai ƙunsa ba tare da an lissafa su ba. A ninka adadin da 16 a gwada da RAM ɗin da ake da shi. Akwai kuma `symrcm`, wanda ya samo asali daga hanyar Cuthill da McKee ta 1969, yana tattaro lambobi kusa da layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, sai dai a irin wannan fili `amd` ya fi shi rage cikowa nesa ba kusa ba. Idan kuma za a warware lissafin sau da yawa da `b` daban-daban, a ce zuƙar ruwa ta kowane wata daga rani zuwa damina, to a raba A sau ɗaya da `R = chol(A(p,p));` a riƙa amfani da R, kada a maimaita aikin mafi tsada kowane zagaye.

Idan Octave ya yi gargaɗin cewa matiris ɗin ba shi da amsa guda, a fara duba bakin iyaka. Filin da ba a ɗaure matakin ruwansa a ko'ina ba yana da amsoshi marasa iyaka, kuma wannan laifin tsarin lissafin ne, ba na kwamfuta ba.

Mataki na shida: idan rabawa ta gagara

Da zarar an ƙara zurfi a kan tsawo da faɗi, wato an raba ƙasar hawa-hawa, cikowa tana ƙaruwa sosai ko da an sake jeri. A nan ake komawa ga hanyoyin da ke kusantar amsa sannu a hankali, waɗanda ba sa buƙatar komai daga A sai ninka shi da jeri. Mafi shahara ita ce wadda Hestenes da Stiefel suka wallafa a 1952, a Octave sunanta `pcg`, kuma tana aiki ne ga irin matiris ɗin da Cholesky ke karɓa. Ga sauran akwai `gmres`, daga aikin Saad da Schultz na 1986, da `bicgstab`.

```
L = ichol(A);
[x, flag, relres, iter] = pcg(A, b, 1e-8, 5000, L, L');
```

Shi `ichol` rabawa ce da ba ta cika ba, tana watsar da cikowa, kuma aikinta share fage ne don a rage yawan zagaye. Abu biyu ne ba a sakaci da su a nan. Idan ba a faɗi iyakar zagaye ba, `pcg` yana tsayawa a 20, wanda bai isa komai ba ga fili mai wannan girma. Sannan ko bai kai ga amsa ba yana dawo da `x`, lambobi masu kama da na gaske, waɗanda za a iya zana taswira da su a kai gaban malamai. `flag` ne kaɗai ke tona asiri: 0 yana nufin an kai, duk wata lamba tana nufin ba a kai ba. A ra'ayina, sakamakon da ba a rubuta `flag` da `relres`, wato ma'aunin kuskuren da ya rage, a gefensa ba bai cancanci shiga kundin bincike ba. Haka ma wanda ke neman lambobin eigen, waɗanda ke nuna yadda matiris ke miƙe ko matse jeri, ya kira `eigs(A, 6)` ya karɓi shida, kada ya nemi miliyan ɗaya da `eig`.

Mataki na bakwai: ajiya

Inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, kuma zafin watan Afrilu ke sa kwamfuta ta rage gudu ko ta kashe kanta, ajiya ba abin da ake bari sai an gama ba ne. A ajiye matiris ɗin da zarar an gina shi da `save -binary fili.bin A`, ko `save -v7 fili.mat A` idan abokin aiki MATLAB ko Python yake amfani da shi. Doguwar tafiyar `pcg` a yanka ta kashi-kashi, a ajiye `x` bayan kowane kashi, a mayar da shi a matsayin mafarin na gaba, domin umarnin yana karɓar mafari bayan `L'`. Kada a gwada fitar da shi zuwa Excel, wanda iyakarsa sahu 1,048,576 da ginshiƙi 16,384, ko jeri ukun namu ba za su shiga shafi ɗaya ba. Idan ana son fayil ɗin rubutu da kowane harshe zai karanta, tsarin Matrix Market shi ne sananne, layi ɗaya ga kowace lamba, sahu da ginshiƙi da adadi.

Duk shirin a fara gwada shi da `n = 30`, inda matiris ɗin yake 900 sau 900, ana iya mayar da shi cikakke da `full(A)` a kwatanta amsoshin hanyoyin biyu. Daga nan a hau zuwa 100, sannan 300, ana rubuta lokaci da `tic` da `toc` da kuma nauyi da `whos` a kowane hawa. Idan n ya ninka sau uku, lambobin da ba a sani ba sun ninka sau tara, kuma nauyin A ya kamata ya bi su sau tara. In an ga wani abu a cikin `whos` ya ninka kusan sau tamanin, to akwai layin da ya mayar da shi cikakke, sai a bi shirin layi-layi da `issparse` da `nnz` a gano shi kafin a rubuta `n = 1000`.